Tsofaffin babura sun yi kwantai: a sayar, a gyara, ko a jira?

Tambaya: Wani Alhaji daga Agege ya ce mahaifinsu ya rasu ya bar musu babura uku a gareji: Triumph Bonneville ƙirar 1969, Honda CB750 ƙirar 1972, da Honda Benly da muke kira Rodmasta. A 2021 wani dillali ya taya na Ingilan, wato Triumph ɗin, da kuɗi mai kauri, suka ce albarka. Yanzu da magada suka shirya rabo suka neme shi, sai ya yi tayin da in aka juya shi dala bai kai na farko ba, kuma yana ta jan ƙafa. Shin dillalin ne ke son cutarsu, ko kasuwar ce ta faɗi? Su gyara, su aika waje, ko su jira?

Amsa: Alhaji, Allah ya jiƙan Baba, ya sa albarka a abin da ya bari. Dillali ko yaushe yana son ya saya da araha, amma a wannan karon bai yi muku ƙarya ba. Kasuwar tsofaffin babura ta yi sanyi, kuma sanyin ya fi kama irin Bonneville ɗinku.

Farashin waɗannan babura ba a Legas ake yanke shi ba. A wuraren gwanjo na Ingila da Amurka ake yanke shi, irin wanda Bonhams ke yi a Stafford da wanda Mecum ke yi a Las Vegas kowane watan Janairu. Duk dillalin da ya taya babur a Agege, can yake kallo, ya cire kuɗin jirgi da ribarsa, abin da ya rage shi yake gaya maka. To su wa ke ɗaga hannu a wajen gwanjon? Shekara da shekaru mutane iri ɗaya ne: waɗanda suke samari a shekarun 1960 da 1970, suna ganin Triumph da Norton da BSA a titi ba su da kuɗin saya, da suka manyanta suka samu hali suka saya. Yau sun haura saba'in, wasu tamanin. Tayar da inji mai cc 650 da ƙafa yana son gwiwa mai ƙarfi, CB750 kuwa nauyinsa ya wuce kilo 200, in ya kwanta dattijo ba zai iya ɗaga shi ba. Sai suka koma masu sayarwa. Wanda ya rasu kuma, iyalansa su fito da babur goma ko ashirin su zuba a kasuwa rana ɗaya, kamar yadda ku ma kuke shirin yi da ukunku. Kaya na ƙaruwa, masu saye na raguwa.

Na bayansu ba su gaji wannan sha'awa ba. Mai shekara arba'in ko hamsin, abin da ya gani yana yaro shi ne Yamaha RD350LC na 1980, Suzuki GSX-R750 na 1985, Ducati 916 na 1994, kuma can kuɗinsa ke tafiya. In ka ɗora shi a kan Bonneville na 1969 zai tarar giya a ƙafar dama take, birki a hagu, akasin duk abin da ya saba, domin sai wajen 1975 baburan Ingila suka mayar da giya hagu saboda dokar Amurka. Ga kwantak da ke son saiti, ga ɗigar baƙin mai. Idan kamannin ne ke burge shi, kamfanoni sun riga sun tare shi: Triumph ya dawo da sunan Bonneville a sabon babur tun 2001, Royal Enfield ya fito da Interceptor 650 a 2018, Kawasaki na da Z900RS, har sunan BSA Gold Star ya dawo a hannun Indiyawa. Surar da ce, amma da sitata da birki na zamani da garanti.

Tayin da kuka ƙi a 2021 ya faɗo daidai ƙololuwar kasuwa. Lokacin annobar korona mutane na zaune a gida, kuɗin ruwa a bankunan Turai da Amurka ya yi ƙasa ƙwarai, gwanjo ya koma intanet, kowa na saye. Daga 2022 tsadar rayuwa ta taso, bankuna suka ɗaga kuɗin ruwa, na Ingila ya kai kashi 5.25 cikin ɗari a Agustan 2023. Waɗanda suka shigo don riba kawai suka janye kuɗinsu.

Za ka ji ana cewa ai an sayar da tsohon babur kusan dala miliyan ɗaya. Gaskiya ne, Vincent Black Lightning ƙirar 1951 ya tashi dala 929,000 a Las Vegas a Janairun 2018. Amma irinsa talatin da 'yan kai aka taɓa ƙerawa, kuma wannan ɗin yana da tarihin kafa bajintar gudu a Ostareliya. Irin waɗannan har yanzu masu kuɗi na ribibinsu. Bonneville kuwa dubbai aka riƙa fitarwa duk shekara, CB750 dubban ɗaruruwa. A cikin CB750 ma, masu tsada sosai su ne kimanin dubu bakwai na farko na 1969, waɗanda ake wa laƙabi da "sandcast" saboda irin zubin gidan injinsu. Naku na 1972 ba ya cikinsu. Babura ne nagari, amma na tsakiyar kasuwa ne, kuma tsakiyar ce ta fi jin jiki.

Ka yi daidai da ka juya tayin zuwa dala, domin nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. A ɗauka an taya babur naira miliyan 5 a tsakiyar 2021, lokacin dala na wajen naira 500 a kasuwar bayan fage. Dala 10,000 ke nan. A ɗauka an dawo a 2024, dala ta haura naira 1,500, an taya shi miliyan 9. Kunne zai ji an ƙara miliyan huɗu, alhali dala 6,000 ce, kashi arba'in cikin ɗari ya tafi. Ku yi duk lissafinku da dala, sai ranar biya a juya.

A nan gida masu saye 'yan kaɗan ne. Masu manyan babura a Legas galibi na zamani suke so, wanda za su hau zuwa Ibadan ko Kwatano ba tare da bakanike a baya ba. Rodmasta kuma yana da tasa matsalar: injinsa bai cika cc 200 ba, ko CD185 ne ko CD200, wanda ainihinsa 194 ne. Dokar hanya ta jihar tun 2012 ta hana babur ƙasa da cc 200 hawa manyan tituna, sannan daga 1 ga Yunin 2022 aka haramta acaɓa a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa, daga baya aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Daga Agege taku kaɗan ne ka faɗa Ikeja, kuma a ido Rodmasta bai bambanta da babur ɗin haya ba. Kasuwarsa tana Arewa, wajen dattawan Kano da Zariya da Katsina da suka san shi tun yana babur ɗin malaman makaranta da ma'aikata. A can za a saye shi don a hau, da farashin babur mai aiki. Kada ku sa masa ran kuɗin kayan tarihi.

Kafin ku sake magana da kowane dillali, ku san abin da ke hannunku. A fara da lambobi. A Triumph lambar inji tana gefen hagu, ƙasan silinda, ta firam kuma tana gefen hagu kusa da wuya. Dole su zo ɗaya, da T120 ko T120R a jiki. Galibin na 1969 suna da haruffa biyu kafin lambar, na farko wata ne, na biyu shekara, kuma C ita ce 1969. A goge wurin da kananzir da tsumma kawai. Kada a sa takardar yashi, domin mai saye na ganin alamar kankara zai ɗauka an sake buga lamba, cinikin ya mutu. Honda daban ne: lambar firam da ta inji ba sa zuwa ɗaya tun daga masana'anta, don haka kada wani ya rage muku kuɗi da wannan hujja. Firam ɗin CB750 na 1972, wanda ake kira K2, daga CB750-2000001 yake farawa. A duba salansa kuma. In huɗun nan na asali ne, masu hatimin HM341, kuma ba su rube ba, su kaɗai kuɗi ne masu yawa. A ƙwanƙwasa ƙasansu da yatsa, domin daga ciki suke ruɓewa, waje na sheƙi.

Babban gargaɗina shi ne kada kowa ya buga musu kik ko ya haɗa batir ya danna sitata don a ji ko suna tashi. A babur da ya shekara biyar a danshin Legas, ringi kan manne da jikin silinda, bugu ɗaya ya karya shi ya kuma karce silindar. A cire fulogi, a zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya na shayi a kowane rami, a bar shi kwana biyu ko uku. Sannan a sa babbar giya, a ɗaga tayar baya a riƙa juya ta da hannu a hankali, gaba da baya. In injin ya juya sumul, alhamdu lillahi. In ya cije, a ƙara mai a ƙara kwanaki, kada a sa ƙarfi.

Triumph da CB750 duka a tanki na daban suke ajiye baƙin mai, kuma in sun daɗe a tsaye man kan zurare ya taru a ƙasan inji. Bakanike ya leƙa tanki ya ga wayam, ya cika, a tayar, mai ya yi yawa ya fasa oyilsil ya fito ta ko'ina. A fara tsiyaye ƙasan injin. A Triumph akwai wani rami a cikin karanshaf da ke tara dattin mai na shekaru. In ya cika, ko sabon mai ya kwance dattin, hanyar mai ta toshe, injin ya buga. Shi ya sa ba a yi wa tsohon Triumph da ba a san tarihinsa ba doguwar tafiya ko gudu kafin a buɗe a wanke wannan rami. Don a tayar da shi minti biyar a tsakar gida dai ba laifi, bayan an ga mai na dawowa tanki.

Wajen batir ma a kula. Triumph na wannan zamani kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da jikin babur, akasin Honda da duk baburan da yaran gareji suka saba. A haɗa a juye, rektifaya ta ƙone nan take. Notocinsa kuma na inci ne, wasu ma tsohon ma'aunin Whitworth, sifanar milimita tana cinye musu kai. Sukurorin Honda suna kama da na sitaa da kowa ya sani amma ma'aunin Japan ne, sukurdireban kasuwa na lalata su. Mai saye da ya san kaya, kan notoci yake fara kallo, daga nan yake gane irin hannun da babur ya shiga.

Sauran aikin tayarwa ba shi da tsada. A zubar da tsohon fetur, a haska tanki da tocila. Tsatsa sama-sama tana fita da ruwan tsami na kanti, a bar shi kwana ɗaya ko biyu, a ɗauraye, a busar sosai a rana. A kwance kafireta a jiƙa, a hura ramukan jet da iska, kada a zura musu waya domin tana faɗaɗa ramin. Tazarar kwantak milimita 0.3 zuwa 0.4 ce a dukansu. Baƙin mai 20W-50 na babur, kada a sa na mota a Honda domin kuloci cikin man yake, zai riƙa sulɓi. Idan sun tashi sun yi zafi, a auna matsin silinda da totur a buɗe gaba ɗaya: daga 120 zuwa sama a ma'aunin psi lafiya ce, ƙasa da 100 akwai aiki, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce kashi goma cikin ɗari. A rubuta sakamakon, a ɗauki bidiyon tashi daga sanyi. Babur da ke tashi da wanda ba ya tashi ba farashinsu ɗaya ba, kuma wannan ne kaɗai kuɗin da nake ganin zai dawo muku.

Cikakken gyara don a sayar kuwa, kada ku fara. Kayan Triumph da fam ake sayensu, na Honda da dala ko yen, ga kuɗin jirgi ga na kwastan. Ladipo kasuwar kayan mota ce, Nnewi kuma kayan Bajaj da Jincheng da ire-irensu ne suka cika ta, ba za ku samu fistin Bonneville a can ba. Ko a Ingila, inda kayan ke bakin ƙofa, sanannen abu ne cewa kuɗin cikakken gyara kan zarce abin da babur zai tashi a gwanjo, balle yanzu da farashi ya sauka kuɗin aiki ya hau. Abin da ya fi ciwo shi ne gyaran da ke rage daraja. Tanki mai fentin masana'anta, ko ya koɗe, ya fi wanda aka fesa jiya da kalar da ta yi kusa. Kujerar asali mai 'yar yagewa ta fi wadda mai ɗinkin kushin ya sake. Walda a firam kuwa kashe ciniki take. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A wanke, a shafa mai, a bar tsufansu a jikinsu.

Aikawa waje da kanku ma ba na ba ku shawara. Za ku biya akwatin katako, kuɗin jirgi daga Apapa ko Tin Can ko ta sama, inshora, da wakilin fito a ɓangare biyu. A Ingila abin hawa da ya haura shekara talatin yana kan asalinsa ana karɓar harajin kashi biyar cikin ɗari a kansa, kuma kafin a yi masa rajista ana neman takardar shaidar shekarar ƙira daga ƙungiyar masu irin wannan babur. Gidan gwanjo zai cire la'adarsa daga wajenku, ya kuma ɗora wa mai saye tasa, wanda ke sa shi rage tayi. In kun sa iyakar farashi ba a kai ba, babur ya yi kwantai a ƙasar wasu, kuɗin ajiya na hawa kullum. Wannan wahala ta dace da babura masu tsada da wuyar samu irin Vincent ko Brough Superior. A kan Bonneville na gama-gari, a bar mai saye ya ɗauki nauyin jirgi.

Don sanin farashi, kada ku kalli abin da masu talla ke nema a intanet, babur na iya shekara a can ba a taya ba. Gidajen gwanjo suna wallafa abin da aka sayar. Ku nemo guda huɗu ko biyar na wata goma sha biyu da suka wuce, shekara ɗaya da naku, hali ɗaya da naku, wato wanda ya daɗe a ajiye, ku ɗauki na tsakiya, ku cire kuɗin kai shi can. Ku nemi tayi daga mutum uku aƙalla, har da ƙungiyoyin masu manyan babura na Legas da Abuja da Turawan da ke aiki a nan, domin wanda zai hau da kansa ya fi dillali biya. Tunda dukiyar gado ce, a rubuta ƙimar kowane babur a gaban shaidu, kowane magaji ya gani ya amince, mata da ƙanana a kiyaye haƙƙinsu, kafin a sallama.

Maganar jira: kuɗin ruwa na iya sauka, kasuwa ta ɗan motsa, amma shekarun masu son baburan Ingila ba za su koma baya ba. A ganina ku sayar da Triumph yanzu. CB750 ya fi shi juriya, domin masoyansa sun fi ƙuruciya, yana da sitata da birkin faifai a gaba, giyarsa a hagu take, kayansa sun fi samuwa. Idan a cikinku akwai wanda zuciyarsa ke kan babur ɗin Baba, ya karɓe shi a cikin rabonsa da ƙimar da aka rubuta, ya hau abinsa. Wannan ya fi mini daɗi da a ce ya tafi hannun wanda zai kulle shi a sito.

Duk wanda za a riƙe, ko na wata shida ne, a tuna iskar Legas ci take. Danshi a nan kan haura kashi tamanin cikin ɗari, wajen Lekki da Ajah ga gishirin teku, damina ga ambaliya. A ɗora babur a kan dakali ko katako mai tsayin taƙi ɗaya ko biyu daga ƙasa, tayoyi kada su zauna a siminti. Kada a lulluɓe da tamfol ko leda, gumi suke tarawa. Tsohon zanen gado ya fi. A tsiyaye kafireta ƙaf, domin fetur na wata biyu zuwa uku ya fara zama danƙo. Tanki ko a cika shi fal, ko a zubar a busar a shafe cikinsa da ɗan mai, rabin tanki shi ke kawo tsatsa. A shafa girisi a ƙarfen shokazoba na gaba, domin ɗigon tsatsa ɗaya a wurin ya isa ya yaga oyilsil. A cire batir, a yi masa caji duk wata, lafiyayyen batir mai volt 12 yana nuna 12.6. Man birkin Honda yana shan ruwa daga iska, a nan a canja shi duk shekara, in ba haka ba fistin birkin ya cije. A toshe bakin salansa da gidan iska da tsumma mai mai saboda ɓeraye da zanzaro. Duk sati biyu a juya injin da hannu, amma kada a riƙa tayar da shi minti biyu a kashe, tururin ruwan da bai bushe ba shi ke ruɓar da salansa. Tayoyi kuma a duba lambar DOT da ke rubuce a gefensu: lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekara, in uku ne tun kafin 2000 aka yi ta, ko zanenta sabo fil kada a hau titi da ita.

Ranar ciniki, ku tattaro duk takardar da Baba ya bari: rasit, takardar kwastan, tsohon lasisi, littafin babur, makullan asali, jakar sifanu, har hotunansa a kan babur ɗin, domin tarihin mai shi ɗaya yana ƙara kuɗi. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar firam da ta inji, wakilin magada ya sa hannu da shaidu biyu. Kada babur ya fita daga gareji a kan alat na waya, sai kun duba asusu da kanku kun ga kuɗin sun zauna.